Sitiyari yana wasa ko rawa yake? Amsoshi kan kalmomin gareji da karin magana

Tambayoyin wannan karon sun fito daga masu tsofaffin motocin shiga daji, irin su Land Cruiser da Hilux masu sifirin falle-falle, waɗanda ke jigilar buhuna da mutane tsakanin ƙauyukan Kano da Jigawa. Tambayoyin harshe ne, amma ba su amsuwa sai an leƙa ƙarƙashin mota.

Tambaya daga yankin Ringim: Malam, na ce wa bakanike sitiyarina yana rawa. Ya taɓa ya ce ba rawa yake ba, wasa yake. Ashe ba abu ɗaya ba ne?

Bakaniken ya fi ka gaskiya, ɗan'uwa. Bahaushe yana cewa abu yana wasa idan ya kamata ya zauna daram a mazauninsa amma yana motsi, kamar ruwan fartanya da ya saki a ƙota. 'Yan'uwan wannan kalma su ne lako-lako da sako-sako da girgiɗa, irin girgiɗar haƙorin da ya kusa fita. Rawa kuwa karkarwa ce da abu ke yi da kansa ba tare da ka taɓa shi ba. Saboda haka wasan sitiyari a tsaye ake gane shi, rawarsa kuma sai mota tana gudu. In ka haɗa su a baki ɗaya, za ka tura bakanike neman cuta inda ba ta.

Ga yadda ake auna wasa. Ka tsayar da mota a wuri mai lebur, tayoyin gaba suna kallon gaba sak. In sitiyarinta mai amfani da mai ne, ka bar inji yana aiki. Ka sa alama da alli a bakin sitiyari, ka juya shi a hankali da yatsu biyu dama da hagu har ka ga taya ta fara motsi. Tazarar da alamar ta yi kafin taya ta amsa, ita ce wasan. Littafin kamfani na irin waɗannan motoci yana tsayar da iyakarsa tsakanin milimita 30 da 40 gwargwadon samfurin motar, wato kusan faɗin yatsu biyu. Abin da ya haura haka sai a nemi dalili.

Neman dalili aikin mutum biyu ne. Ɗaya ya zauna yana kaɗa sitiyari dama da hagu, kai kuma ka duƙa kana bin ƙarafan da ido da tafin hannu, tun daga akwatin sitiyari, zuwa hannun da ya sauko daga gare shi, zuwa sandar da ta nufi taya, zuwa tayarod da ya haɗa tayoyin biyu. Duk gaɓar da ka ga ƙarfe ɗaya ya motsa kafin maƙwabcinsa ya bi shi, nan wasan yake. Ka duba har kusoshin da suka ɗaure akwatin a jikin shasi, domin a tsohuwar mota sukan saki, wani lokaci ma shasin ne ke tsagewa a gefensu.

Daga nan sai ka ɗaga taya ɗaya da jak. In ƙasar yashi ce ka shimfiɗa katako mai kauri a ƙarƙashinsa, ka tokare tayoyin baya da dutse, ka kuma sa abin tokara mai ƙarfi a ƙarƙashin aksil, wato babban ƙarfen da tayoyin biyu ke ɗaure a ƙarshensa. Ba a shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita, kuma bulon siminti ba abin tokara ba ne, fashewa yake ba sallama. Ka kama tayar ta gefenta na dama da na hagu ka girgiza: motsi a nan yawanci na kan tayarod ne. Ka sake kama ta sama da ƙasa: motsi a nan na boris ne. Sai abokin aikinka ya taka birki ka sake girgizawa. In motsin ya ɓace, boris ɗin wili ne ya saki, kuma a Land Cruiser babban notinsa yana buƙatar soket mai milimita 54. In motsin yana nan duk da birki, to boris biyun da kan aksil ke juyawa a kansu ne, na sama da na ƙasa.

Canjin kan tayarod ba ya gagarar mai mota. Ka zare filin da ya ratsa noti, ka kwance notin amma ka bar shi a kan zare biyu ko uku don kada sanda ta faɗo. Ka dafa babbar guduma a gefe ɗaya na idon ƙarfen da kan ya shiga, ka doki ɗaya gefen da wata gudumar, zai saki. Kada ka doki kan zaren kai tsaye, burtsewa zai yi. Yayin da kake warware tsohon, ka ƙirga zagaye nawa ya yi kafin ya fita, ka mayar da sabon da wannan adadi. Ka tuna ɗaya ɓangaren zarensa na hagu ne, baibai yake kwancewa. Ka sa sabon fil, ba guntun ƙusa ba. Bayan haka ka auna tazarar tayoyin biyu da awon tela a gaba da baya, a tsayi ɗaya. Gaba ya kamata ya ɗan fi baya matsuwa da 'yan milimita kaɗan, kuma in ka shiga gari ka kai a daidaita da na'ura. Tayarod da ya lanƙwashe canja shi ake yi. Wanda aka gasa da wuta aka miƙar, ko aka yi wa walda, ranar da zai karye ba ya shawara da kowa.

Akwai sukurun daidaitawa a saman akwatin sitiyari, da notin da ke kulle shi. Mutane da yawa da shi suke farawa, alhali shi ne na ƙarshe. Sai kowace gaɓa ta tabbata lafiya, sannan a miƙar da tayoyi, a matsa shi kashi ɗaya bisa takwas na zagaye, a gwada. In aka zarce, sitiyari zai yi tauri a tsakiya, ya daina komowa da kansa bayan kwana, haƙoran ciki kuma su cinye juna.

Ita kuwa rawa, ka fara da abu mai sauƙi: busasshen taɓo da ya manne a cikin wili bayan ratsa fadama, wili da ya lotsa, taya da ta yi ƙulu ko ta rasa dalmar daidaitonta. In rawar mai tsanani ce da ke tashi bayan an daki rami, to wasan da aka ƙyale ne ya girma. Ka duba notuna huɗu da suka riƙe hannun sitiyari a kan aksil. Ɗan shokazobar da ke kwance a jikin sandar sitiyari ɓoye rawa yake yi, ba ya warkar da ita.

Tambaya daga Ɗambatta: Me ya haɗa tuƙin tuwo da tuƙin mota? Kuma sitiyari Hausa ce?

Tuƙa tsohuwar kalma ce: a tuƙa tuwo da muciya, a tuƙa kwale-kwale. A ganina abin da ya haɗa su shi ne juya abu da hannu cikin lura har ya bi yadda ake so, shi ya sa da mota ta zo kalmar ta karɓe ta ba gardama. Sitiyari aro ne daga Turanci, amma ya sha gyaran baki. Hausa ba ta fara kalma da baƙaƙe biyu a jere, sai ta cusa wasali tsakani, kamar yadda ta yi wa sifana da sifirin da birki da giris. A sifana da sifirin ma har ta musanya baƙin "p" da ba ta da shi da "f". Kafin sitiyari muna da linzami na doki, da akala ta raƙumi, da ragama, kuma har yau su muke ara in ana zancen shugabanci, mu ce wane ya karɓi ragamar mulki.

Tambaya daga wajen Haɗeja: Mene ne "fafe" a cikin "ba a fafe gora ranar tafiya"? Babana yakan faɗa mini haka duk safiyar kasuwa in ya gan ni da bindigar giris.

Fafe gora shi ne a yanke bakinsa a ƙwaƙule 'ya'ya da totuwar ciki. Sabon gora yana da ɗaci, sai an jiƙa shi kwanaki ana zubar da ruwan kafin ya yi daɗin sha. Wanda ya fafe ranar tafiya, ruwa mai ɗaci zai sha a hanya. Baba yana nufin giris ba laifi ba ne, lokacin ne bai dace ba. In ka gano roba ta yage ko boris ya saki da asubar ranar kasuwa, motar cike da kaya, ba za ka sauke ka tafi kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano neman kayan gyara ba. Za ka ce Allah ya kiyaye ka kama hanya.

Ka ware ranar da ba tafiya. Kowane kilomita 5,000, da kuma duk bayan ratsa ruwa mai zurfi a damina, ka bi kawunan giris ɗaya bayan ɗaya. Ka goge kowanne da tsumma tukuna, in ba haka ba yashi za ka tura ciki, giris da yashi kuwa in sun haɗu sun zama dutsen wasa ƙarfe. Ka buga har robar da ta rufe gaɓar ta ɗan kumbura ka tsaya, kada ka fasa ta. Sannan ka dubi ƙwallon ƙarfen nan da ke kowane ƙarshen aksil na gaba. Ɗan maiƙo a jikinsa ba komai. In ka ga baƙin ruwa yana zuba yana warin man giya, sil ɗin ciki, wato robar da ke tare mai, ya mutu, man aksil ya shiga ya narkar da giris ɗin. Sau da yawa sanadin shi ne ɗan bututun numfashi na saman aksil da taɓo ya toshe, iska ta rasa mafita in ta yi zafi, ta tura mai ta sil. Cikin ƙwallon baƙin giris mai sinadarin moli ake sa wa, kimanin kashi uku bisa huɗu, ba a cika shi taf. Tankin man sitiyari na waɗannan motocin Toyota jan man giya mai sarrafa kanta yake sha, nau'in Dexron. Man birki yana kumbura robobinsa ya lalata su.

Tambaya daga Maigatari: Wani ya tsayar da ni ya ce motata ta jirge, kuma tana tafiyar kare. Na ji haushi, sai abokina ya ce "gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba". Me suke nufi?

Karin maganar daga hanyar fatake ta fito. Mai kaya a ka ko a kan jaki ba ya ganin yadda kayansa suka zame, na bayansa ne ke gani. In ya ce maka gyara, ba rabo yake nema ba. Direba ma haka yake, ba ya ganin motarsa ta baya.

Jirgewa ita ce ɓangare ɗaya ya fi ɗaya sauka. Ka sauke kaya, ka daidaita iskar tayoyi, ka auna daga tsakiyar wili zuwa bakin bodi a kowane gefe. Gefen da ya gaza, ko sifirinsa ya gaji ya miƙe, ko falle ya karye. Jan garin tsatsa da ke fitowa tsakanin falle da falle alamar tsagewa ce ko gogayya. Fallen da aka yi wa walda yana sake karyewa dab da waldar, domin zafi ya kashe ƙarfin ƙarfen. Sifirin da shokazoba bibbiyu ake canja su, dama da hagu.

Tafiyar kare kuwa siffa ce mai kyau ƙwarai, duk wanda ya ga kare yana sassarfa a karkace ya gane ta: gaban mota na nan, bayanta ya goce gefe. Akwai kusa guda da ta ratsa tsakiyar fallayen sifirin, kanta yana zaune a rami a jikin aksil. In kusoshin nan masu siffar ƙaho da suka rungume aksil suka saki, gargada da nauyin kaya sukan guntule ta, aksil ya zame baya ta gefe ɗaya. Gargada ita ce ƙananan kunyoyi da ke fitowa a hanyar burji, kuma babu abin da ke kwance noti kamarta. Ka auna tsakanin wilin gaba da na baya a dama da hagu, in sun saɓa, ka sami amsarka. Bayan gyara ka sake matse notunan idan ka yi tafiyar kwana biyu ko uku, domin fallaye sukan zauna.

Bushin maratayin sifirin, wato robar da ke cikinsa, kada ka matse notinsa mota tana rataye a jak. Ka sauke ta ta zauna da nauyinta sannan ka ɗaure, in ba haka ba robar za ta zauna a murɗe ta yage da wuri. Kuma kada ka zuba mata baƙin mai don kashe ƙara, yana cin roba. Shokazoba a irin wannan mota mai taurin sifirin ba ya nuna kansa da danna bodi. Ka yi tafiyar minti goma a gargada, ka tsaya ka taɓa jikin kowanne da bayan hannu a hankali. Mai aiki zai yi ɗumi, wanda ka tarar da sanyi ya mutu.