Tambaya da Amsa: Zanen Inji Yana Jan Ƙafa a SolidWorks

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zana wani inji mai sassa kusan 800 a SolidWorks, manhajar zana injuna a kwamfuta. Da na canza awo ɗaya, sai na jira fiye da minti biyu kafin manhajar ta gama sake gina haɗin sassan. Shin ƙarin ram, wato ma'ajiyar wucin gadi ta kwamfuta, zai magance matsalar?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Dakata da sayen ram tukuna. Yawancin lissafin sake gini bi da bi ake yin sa a ƙwaya ɗaya ta furosesa, wato ƙwaƙwalwar lissafi ta kwamfuta, don haka ram ba ya taimakawa sai in wanda kake da shi ya cika.

Fara da gano inda lokacin yake tafiya. Buɗe kowane sashe da kake zargi, ka danna Performance Evaluation. Zai jero maka matakan zanen da daƙiƙoƙin da kowanne yake ci. Sau da yawa zaren noti da na sukuru da aka sassaƙa da gaske su ne kan gaba. Mayar da su zaren alama kawai, tunda mai ƙera sashen lambar zaren yake karantawa.

Babban abin lura shi ne ɗaurin da ke riƙe sassa da juna. Duk ɗaurin da ke matakin sama tare manhajar take warware su, shi ya sa zuba sassa 800 a wuri ɗaya yake kashe gudu. Rarraba su cikin ƙananan haɗe-haɗe, ka bar su a ƙame, domin ƙaramin haɗi mai motsi yana dawo da lissafinsa sama. Kada ka ɗaura sashe na uku a jikin na biyu, na biyu a jikin na farko, har sarƙar ta yi tsawo. Ɗaura su duka a jikin gangar injin ko shimfiɗun asali da manhajar take fara kowane zane da su. Ɗaurin da ya nuna ja kuwa, gyara shi nan take.

Sai sashen da ya ari awonsa daga wani sashe. In na farko ya dogara da na biyu, na biyun ma ya dogara da na farko, manhajar za ta yi ta zagaye. Da zarar zanen ya zauna, kulle wannan alaƙar.

Ka kunna yanayin babban haɗi, wato saitin da ke rage wa manhajar nauyi, wanda bisa tsarin asali yake farawa daga sassa 500. Wajen sake gini, danna Ctrl+B ya ishe ka aikin yau da kullum, domin abin da ya canza kaɗai yake taɓawa. Ajiye Ctrl+Q, mai sake gina komai, sai za ka fitar da zanen ƙarshe.