Tsohuwar bindiga mai ɗurin baki: amsoshin wasiƙunku

Daga Kano: Dillali ya kawo mini ƙaramar bindiga mai ƙanƙara (dutsen da ke ƙyasta mata wuta), da rubutun "Tower" da kambun sarauta a jikinta. Ya ce ta shekara 300. In saya?

Malam, riƙe kuɗinka tukuna. Wannan rubutu an yi ta kwaikwayonsa a kan bindigogin da aka ƙera don kasuwar Afirka, kuma garin Liège na Beljiyam bai daina ƙera masu ƙanƙara ba har cikin ƙarni na 20. Abin dubawa shi ne hatimin gwaji, wato tambarin da ake bugawa bayan an gwada ƙarfin bindiga, da ke gindin bututun. Gidan gwajin Birmingham na Ingila a 1813 aka kafa shi, don haka mai hatiminsa ba ta kai 300 ba. Haruffan ELG cikin da'ira mai siffar ƙwai na Liège ne, in kuwa da kambu a samansu, daga 1893 zuwa sama ce. Bindiga mai tashi da 'yar hular tagulla (wadda ke kunna albarushi in an buge ta, maimakon ƙanƙara) ba ta yaɗu ba sai wajen 1820 zuwa 1830, sai dai an mayar da tsofaffi masu ƙanƙara da yawa zuwa hula. In ka ga an rubuta da Turanci cewa baƙin albarushi kaɗai za a zuba, sabuwa ce aka tsufar da ita. Tsatsa ba shaida ba ce, ruwan gishiri ma yana kawo ta. Abin da ke ba ni haushi, mutum zai yi rabin sa'a yana cinikin buhun shinkafa, amma dillali ya ce "kayan tarihi" sai ya zaro kuɗi ba tambaya. Sannan dokar makamai ta Najeriya ta 1959 ta sa fistol, wato ƙaramar bindiga irin wannan, har mai ƙanƙara, cikin haramtattun makamai. Hukuncinta daban da na bindigar toka ta maharba.

Daga Zariya: Mun tsinci ɗaya a akwatin marigayi kakanmu, ga yara a gida, na kasa barci.

Allah ya jiƙan Kaka. Hajiya, tsoronki yana kan hanya, domin albarushin da aka ɗura tun zamanin kaka yana iya tashi yau. Kada kowa ya taɓa kunamar ko ya leƙa bakin. Ki kulle ta nesa da wuta, wani babba a gidan ya sanar da 'yan sanda. Wanda ya san aikin zai zura sanda a ciki, ya gwada tsawon da na waje, ya gane ko da ɗuri. Kuma kada a goge ta da toka don ta yi ƙyalli, darajarta za ta zube.

Daga Katsina: Zan iya fasa harsashin zamani in zuba garinsa a tsohuwar bindiga in harba ranar Sallah?

Haba Malam! Garin zamani marar hayaƙi ya fi ƙarfin tsohon ƙarfe nesa ba kusa ba, bututun zai tarwatse a hannunka. Ko da baƙin albarushin, ba a harba tsohuwa sai gwani ya duba cikinta, ba a zubawa kai tsaye daga gora, kuma in ta ƙi tashi ba a juyo da bakinta, don tana iya tashi a makare. Je ka kalli 'yan bindigar Sarki.