Hutun hunturu a karkarar Ingila: ina ya dace mu kama gida?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina karatu a Manchester, ina tare da matata da yaranmu biyu, ɗaya shekararsa tara, ɗaya shida. Muna so mu kama ɗan gida a ƙauye na kwana huɗu ko biyar a hutun Disamba, mu riƙa fita tattaki da rana. Abokaina wasu sun ce Lake District, wasu kuma Scotland. Ina da mota, amma ban taɓa tuƙi a kan ƙanƙara ba. Ina kuke ganin ya fi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Da yara masu waɗannan shekaru, ga shi direba bai saba da ƙanƙara ba, shawararmu ita ce kudancin Peak District, yankin tuddai da ke kusa da Manchester, wato garin Bakewell da ƙauyukan da ke kewaye da ita. Lake District ce ta biyu. Scotland kam a bar ta sai bazara. Hotunan da abokanka suka gani na kan duwatsu ne, alhali a Disamba ku a gindin dutse za ku yini, don haka abin dubawa shi ne hanyoyin ƙafa da ke cikin kwari, da ɗumin gidan, da titin da zai kai ku ƙofarsa.

Fara da lissafin hasken rana, domin shi zai yanke muku komai. A makon 21 ga Disamba, a yankinku rana tana fitowa bayan ƙarfe 8:20 na safe, ta faɗi kafin ƙarfe 4:00 na yamma. Awa bakwai da rabi ke nan, kuma idan akwai hadari duhu yakan fara tun 3:30. A Inverness ta Scotland hasken bai kai awa bakwai ba. Kafin a tashi yara, a karya, a sa musu kaya, goma ta yi. Azahar tana shiga jim kaɗan bayan sha biyu, la'asar tsakanin ɗaya da rabi zuwa biyu, magariba kafin huɗu, duk a tsakiyar lokacin fitarku. Saboda haka tattakin da zai yiwu muku na awa uku ne zuwa huɗu. Babban mutum yana cin kilomita 5 a awa ɗaya a shimfiɗaɗɗiyar hanya, ana kuma ƙara awa guda a kan kowace mita 600 ta hawa. Yaro ɗan shekara shida a cikin taɓo da kyar zai yi rabin haka. Kilomita 6 zuwa 8 a yini ta ishe ku, kuma gidan da sai an yi tuƙin minti arba'in kafin a kai bakin hanya ya riga ya cinye muku rubu'in yinin.

Sai ruwan sama. Iskar da ke kawo ruwa Birtaniya daga yamma take tasowa, daga Tekun Atlantika, ta sauke kayanta a kan duwatsun da ta fara karo da su. Shi ya sa Lake District da arewacin Wales da yammacin Scotland suka fi ko'ina jiƙa. Seathwaite, wani ɗan ƙauye a kwarin Borrowdale na Lake District, yana samun sama da milimita 3,000 a shekara, Landan kuwa kusan 600. Bakewell tana gabas da tuddan da ke tare ruwan, don haka ta fi sauƙi, ko da yake ba wanda zai yi maka alkawarin kwana biyar babu ruwa a Ingila a Disamba.

Abin da ya fi jan hankalinmu a Bakewell shi ne Monsal Trail. Tsohon layin dogo ne da aka mayar hanyar ƙafa da keke, tsawonsa kusan kilomita 14, ba hawa ba gangara sosai, kuma ƙasansa a dandaƙe yake, ba ya zama laka ko an kwana ana ruwa. Za ku iya ajiye mota a tsohuwar tashar Hassop, ku nufi yamma, ku ratsa ramin Headstone, tsohuwar hanyar jirgi ta ƙarƙashin tudu, mai tsawon kusan rabin kilomita, ku fito kai tsaye a kan doguwar gada da ke saman kogin Wye. Ana kunna fitilun ramin da rana kawai, don haka tocila ta kasance a jaka. Yara suna son wannan hanya, kuma duk inda suka gaji sai a juya. Washegari akwai filin gidan Chatsworth da bakin kogin Derwent. Idan gari ya waye garau babu iska, ku gwada hawan dutsen Mam Tor kusa da ƙauyen Castleton. Tsayinsa mita 517, amma wurin ajiye motar yana can sama, hawan gajere ne a kan matakalar dutse. Ranar da ƙanƙara ta kwanta a kan matakalar nan, a haƙura.

Idan uwargida ta nace sai tafki, to Keswick ko Ambleside ko Grasmere a Lake District, a cikin garin ba a bayansa ba. Akwai hanyar bakin tafkin Derwentwater, akwai kuma zagayen Tarn Hows na kusan kilomita 3. Duwatsun Helvellyn mai tsayin mita 950 da Scafell Pike mai mita 978 ba naku ba ne a wannan lokaci. Duk mita 150 da ka hau, sanyi yana ƙaruwa da kusan digiri ɗaya, don haka idan Keswick tana digiri 5, kan Helvellyn ya kai sifili ko ƙasa da haka, tun ba a sa iska a lissafi ba. Masu hawa can a hunturu da gatarin ƙanƙara suke zuwa, da ƙarafa masu tsini a ƙasan takalmi.

Batun mota kuwa, hukuma tana zuba gishiri a manyan tituna da hanyoyin bas don narkar da ƙanƙara, amma ƙananan hanyoyin da ke shiga gonaki sau da yawa ba a bi ta kansu. Gidan da tallarsa ke alfahari da cewa yana can shi kaɗai a kan tudu, shi ne wanda motarka za ta kasa hawa ko ta kasa sauka. Tambayi mai gidan kai tsaye: mita nawa ne daga ƙofa zuwa titin da ake zuba wa gishiri, kuma akwai gangara? Daga Manchester zuwa Bakewell ka bi titin A6 ta garin Buxton. Snake Pass, hanyar da ke bi ta kan tuddai, ana yawan rufe ta idan dusar ƙanƙara ta sauka. A Lake District kuma kada manhajar taswira ta ja ka hanyoyin kan dutse na Hardknott ko Wrynose, inda gangarar Hardknott ke kai kashi 30 cikin ɗari. Galibi ƙarfe uku ko huɗu ake ba da makullin gidan haya, wato daidai faɗuwar rana, saboda haka ku iso garin da wuri, ka ga hanyar da idonka tun da sauran haske.

Gidan kansa ya fi wurin muhimmanci, tunda awa goma sha shida na kowace rana a cikinsa za ku yi. Tsofaffin gidajen dutse suna da kyau a hoto, amma bangonsu yakan ɗauki yini guda kafin ya yi ɗumi. Ka tambaya da me ake ɗumama gidan. Ƙauyuka da yawa ba su da bututun gas, sai tankin mai ko hitar lantarki mai tara zafi da dare, wadda takan huce daidai lokacin da kuka dawo a jiƙe. Ka ji ko kuɗin wuta da itace suna cikin kuɗin haya, ka kuma roƙa a kunna ɗumin kafin ku iso. Idan akwai murhun itace, lallai a ce akwai na'urar da ke ƙara idan iskar guba ta taru, irin iskar nan marar wari da ke kashe masu kwana da janareta a ɗaki. A nemi kuma wurin shanya takalma da riguna. Wani abin da mutanenmu kan manta: gidajen hutu da yawa suna karɓar baƙi da karnukansu. In kana son kafet ɗin da za ka shimfiɗa darduma hankali kwance, tace bincikenka zuwa gidajen da ba a shiga da dabbobi.

Naman halal ku sayo shi a Manchester. Manyan kantuna a rufe suke ranar Kirsimeti, jiragen ƙasa ma ba sa tafiya, kuma makon Kirsimeti da na sabuwar shekara su ne mafi tsadar haya a duk hunturu. Idan makarantar yara ta ba da dama, kwanakin farko na Janairu bayan bikin sun fi araha.

Kaya kuma, a guji auduga da wandon jins, domin suna riƙe gumi da ruwa su manne a jiki. A sa riga mai sauƙi ta ulu ko ta roba a ciki, mai kauri a tsakiya, rigar ruwa a waje, da takalmi mai tudun ƙasa wanda ba ya shan ruwa. Kowane yaro a riƙe masa safar hannu da ta ƙafa na canji, da shayi a filas. Yaron da ya yi shiru, yana rawar ɗari yana tuntuɓe, sanyi ya fara shigarsa, a canja masa jiƙaƙƙen kaya a koma gida nan take.

A Ingila ba ko'ina ake ratsa gonar mutum ba. Ku bi alamar kibiya, rawaya ta masu ƙafa ce, shuɗiya har da doki da keke, kuma ku bar kowace ƙofar shinge yadda kuka same ta. Sayi taswirar takarda ta Ordnance Survey, hukumar taswira ta Birtaniya, mai ma'aunin 1:25,000, saboda sanyi yana zuƙe batirin waya kuma sabis yakan ɗauke a cikin kwari. Kowace safiya duba hasashen yanayin yankunan duwatsu na Met Office, hukumar yanayi ta Birtaniya. Idan wani abu ya faru a hanya, kira 999, ka nemi 'yan sanda, sannan ka ce a haɗa ka da masu ceto na kan dutse. Tun kana Manchester ka yi wa lambarka rajistar aika saƙon gaggawa zuwa 999, domin saƙo yakan fita a inda kira ya ƙi shiga.