Bin ayarin sojoji yana cire wa ɗan jarida kariya?

Malam, kana tambaya ko ɗan jarida ya rasa kariyar doka in ya bi sojoji zuwa fagen fama. A'a, bai rasa ba. Sashe na 79 na ƙari na farko da aka yi wa yarjejeniyar Janiba kan dokokin yaƙi a 1977 ya ɗauke shi a matsayin farar hula, muddin bai sa hannu a faɗan ba. In yaƙin tsakanin ƙasashe ne kuma rundunar ta ba shi katin izini, idan aka kama shi fursunan yaƙi ne. A 2006 Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya jaddada wa gwamnatoci nauyin kare 'yan jarida a ƙuduri mai lamba 1738.

Sai dai ga inda gizo ke saƙar: motar soja abin hari ce, nakiya kuwa ba ta duba katin aiki. Da na bi ayari a Borno cikin hunturu, wani soja ya miƙo mini rigarsa ta kaki, na yi godiya na ƙi, don daga nesa wa zai bambance mu? Kada ka riƙe musu bindiga ko na minti ɗaya, kada kuma ka zama mai kai musu rahoton maɓoyar abokan gaba.