Glock, SIG ko Smith & Wesson: wacce zan saya?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina zaune a Houston ta Amurka da iyalina, kuma ina da takardar zama ta dindindin. Ina son sayen ƙaramar bindiga don tsaron gida. Abokan aikina sun raba mini hankali: wannan ya ce Glock, wancan ya ce SIG Sauer, wani ya ce Smith & Wesson. Wacce ta fi?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Takardarka ta ba ka damar saye daga dillali mai lasisi, muddin ka kai shekara 21, ka cike fom 4473 (takardar gwamnati da mai sayen bindiga ke cikewa), kuma binciken da ake yi kan tarihinka ya fito lafiya. Mai bizar karatu ko ta ziyara ba haka dokarsa take ba. Masu karanta wannan daga gida Najeriya kuma su sani, dokar makamai ta Najeriya ta 1959 ta sa fistol cikin makaman da aka haramta wa farar hula.

Duk ukun da aka ambata maka bindigogi ne na ƙwarai. Glock ta Ostiriya ce, sojojin ƙasar suka fara ɗaukar Glock 17 a farkon shekarun 1980, sannan Glock 19 ta biyo baya a 1988, mai cin harsashi 15. Ba ta da kyan gani, amma ba ta da rigima: sassanta kaɗan ne, wankinta ba wuya, kuma kowane shago ka shiga za ka samu kubenta da gidan harsashinta. Smith & Wesson M&P tana zuwa da bayan mariƙi iri-iri, ka sa wanda ya dace da tafinka. SIG P320 ita ce sojojin Amurka suka zaɓa a 2017 ta maye gurbin Beretta M9. Sai dai an kai kamfanin ƙara sau da dama kan zargin tana tashi ba a taɓa kunama ba, kamfanin kuma yana musantawa. Ni dai ba na nuna wa sabon shiga ita da farko, don ba na son mutum ya riƙe makami zuciyarsa na ɗar-ɗar.

Abin da abokanka ba su faɗa maka ba shi ne hannunsu daban, naka daban. Mariƙin Glock ya fi na M&P kwanciya, shi ya sa wasu in sun miƙa hannu sai bakinta ya kalli sama. Na sha ganin mutum ya zo filin koyon harbi ya rantse sai Glock, in ba shi M&P, ramukan da ke jikin takardar da yake harbi su taru wuri guda kamar tafin hannu. Na kuma ga akasin haka. Saboda haka je ka filin da ake ba da haya, ka harba kowacce sau hamsin. Duba ko gaɓar farko ta yatsanka tana isa kunama ba tare da ka murɗe hannu ba. Idan uwargida ma za ta koya, ku tafi tare, ta gwada jan saman bindigar da kanta.

Kada ƙanƙanta ta ruɗe ka. Ƙanana irin su SIG P365 an yi su ne don a ɓoye a jiki, kuma sun fi dukan hannu idan sun tashi. Ta gida gara matsakaiciya mai harsashi 9mm, wanda yake da araha, ka samu ka yawaita atisaye.

Ka ce kana da iyali, to nan ne hankalina ya fi tsayawa. Glock ba ta da sakatar da ake turawa da yatsa. In akwai harsashi a ciki aka ja kunama, ta tashi, ko da yatsan na ɗan shekara biyar ne. Yara kuwa sun san saman kabad da ƙarƙashin katifa fiye da yadda muke zato. Cikin kuɗin da ka ware, fara cire na akwatin ƙarfe mai makulli da na darasi wurin ƙwararren malami, abin da ya rage shi za ka kai wa dillali. In ka gwada duka ukun ba ka ji bambanci ba, ɗauki Glock 19.