Amsa ga mai tambaya kan ƙaninsa mawaƙi

Ɗan uwa, ka ce ƙaninka a ƙauyenku na wajen Ringim yana da murya, kana so ka san ta yaya mawaƙi ke tashi har waƙarsa ta mamaye ko'ina. Gaskiya ba dare ɗaya ba ne. Dubi Hamisu Breaker, ya daɗe yana waƙa a Kano kafin waƙarsa Jaruma ta fashe a 2020, lokacin kullen korona, mata suna ɗora bidiyonsu suna rawa da ita.

Shawarata ita ce ƙaninka ya fara da wajen biki tukuna, in ya ga 'yan mata na amsa amshi ba a roƙe su ba to waƙar ta kama, sai ya tara kuɗi ya shiga situdiyo a Zoo Road da ke Kano ya buga ɗaya mai kyau, ya sa a YouTube da Audiomack da TikTok, ya kai wa masu tura waƙa a waya ranar kasuwa.

Don Allah kar ku sayar da gona ko shanu saboda albam. Kuma kar ya sayar wa furodusa waƙa gaba ɗaya da baki, a rubuta yarjejeniya lauya ya duba. Batun rajistar mawaƙa kuma ku tambayi Hukumar Tace Fina-finai ta Kano.