Amsa ga Malamar da Ke Neman Kyamararta ta Farko

Wa'alaikumus salam Malama. Na karanta tambayarki. Kin ce kina yi wa amare kwalliya da lalle, kina ɗaukarsu da waya, yanzu kina son ki sayi kyamarar DSLR, wato mai madubi a ciki wadda ake canza wa lens, ki riƙa yin hoton da kanki, nan gaba ma ki shiga ɗaukar kamu da suna. Mai shago ya nuna miki Canon 2000D sabuwa da lens biyu, 18-55 da 75-300, ƙawarki kuma ta ce Nikon D3500 ta fi, shi ne kike tambayar wacce za ki ɗauka.

Na daɗe a wannan sana'a, na yi aiki da Canon na yi da Nikon, kuma shawarata ita ce kada ki zuba duk kuɗinki a kan bodin kyamara, wato jikinta ba tare da lens ba. Ki raba kuɗin biyu. Rabi ya tafi ga bodi, ko da na hannu ne, ɗaya rabin ki sayi lens mai shigar da haske sosai da filasha da shi. Aikinki aikin cikin ɗaki ne, ɗakin amarya kuwa kin fi ni saninsa: taga ɗaya, labule mai kauri, ƙawaye sun cika ko'ina, wuta ma ba lallai a samu ba. A irin wannan wuri haske ne matsalarki, kuma lens da filasha ne ke magance ta.

Bari in fara da lens ɗin, don a nan maganar take. Wannan 18-55 da ake haɗawa da kyamara ba shi da laifi a waje da rana. Amma idan kika juya shi zuwa 55 don ki jawo fuskar amarya kusa, ƙofar haskensa ba ta buɗewa fiye da f/5.6, kuma ita wannan lamba ta f, ƙaramarta ce ke nufin ƙofar ta fi buɗewa. Lens ɗin 50mm f/1.8 kuwa yana shigar da hasken da ya ninka wannan kusan sau goma. Wato inda na farkon zai tilasta miki barin shota, wato labulen da ke buɗewa haske ya shiga kyamara, a buɗe na kashi ɗaya cikin 15 na daƙiƙa, hoto ya fito da rawa saboda amarya ta motsa ko hannunki ya girgiza, na biyun zai ba ki wajen kashi ɗaya cikin 150, hoto ya fito garau. Shi ne kuma yake narkar da bayan mutum, fuska ta fito fili, tarkacen ɗaki ya ɓace. Abin da mutane ke gani su ce "hoton kyamara ne wannan" yawanci aikin wannan lens ɗin ne, kuma yana cikin mafi araha a wajen kamfanonin biyu. Na Canon shi ne EF 50mm f/1.8 STM, wanda ya fito a 2015.

Sai dai akwai abin lura. Waɗannan ƙananan kyamarori sensarsu, wato ɗan farantin da ke karɓar hoto a cikinsu, ba ta kai ta manyan girma ba, don haka suna matse abin da lens ke gani. A Canon ana ninka lambar da 1.6, a Nikon da 1.5. Kenan 50mm zai yi miki aiki kamar 80mm a Canon, kamar 75mm a Nikon. Ga fuska da kwalliya da zanen lalle a hannu, wannan ya yi daidai. Amma ranar da aka ce ki ɗauki amarya da ƙawayenta takwas a falo, za ki ja da baya har bayanki ya taɓa bango ba su shiga duka ba. Shi ya sa nake cewa kada ki raina 18-55 ɗin, ki riƙe shi don hoton taro. Idan Nikon kika ɗauka, AF-S DX 35mm f/1.8G ya fi dacewa ya zama lens ɗinki na farko, don yana ɗaukar fuska yana kuma ɗaukar mutum uku ko huɗu a ƙaramin ɗaki. A Canon akwai ɗan siririn nan EF-S 24mm f/2.8 STM da ke wannan aikin. In kuɗi ya samu daga baya, Sigma ko Tamron 17-50mm f/2.8 na hannu zai maye gurbin 18-55, kuma da shi kaɗai ana iya gama biki.

Shi kuwa 75-300 da mai shago ya haɗa miki, ki bar masa kayansa ya rage miki kuɗi. Ba shi da na'urar hana girgiza, hotonsa a can ƙarshe ba ya fita tas, kuma a ɗakin amarya ba inda za ki tsaya da shi. Lens ne na abin da ke nesa. In wata rana sha'awar ɗaukar dawakai a Hawan Daushe ta kama ki, EF-S 55-250mm IS STM ya fi shi nesa ba kusa ba.

Yanzu bodin. 2000D da D3500 duk a 2018 suka fito, duk megafiksel 24 ne. A tsakaninsu ni D3500 na fi so, don batirinta na da ƙarko ƙwarai, kamfanin ya ƙiyasta hoto 1,550 a caji ɗaya, wanda babban abu ne a inda wuta ke yi mana yadda take yi. Amma dukansu biyun allonsu ba ya juyawa, kuma ba su da ramin makirfo. Tunda amare yanzu ba wadda ba ta son ɗan bidiyon da za ta ɗora a Instagram ko TikTok, wannan rashin zai dame ki da wuri.

Akwai kuma wata matsala a 2000D da masu shago ba sa faɗa. A saman kyamara inda ake ɗora filasha, akwai ɗan ƙarfe zagayayye a tsakiya wanda shi ke ba filasha umarnin ta haska. Canon ta cire shi a 2000D da yawa, haka ma a 4000D da 250D. Ba tare da shi ba, filasha masu araha irin Godox TT600, waɗanda yawancinmu muke aiki da su, ba za su tashi ba. Na ga yaro ya sayi filasha da kuɗin da ya daɗe yana tarawa, ya iso wajen suna ta ƙi haskawa, ya ɗauka lalatacciya aka sayar masa. Don haka ki zare murfin wurin ki duba da idonki kafin ki biya.

Da ni ne, da kuɗin sabuwar 2000D zan nemi ta hannu mai lafiya wadda ta fi ta daraja. A Canon, 700D ta 2013 tana da allo mai juyawa da ramin makirfo, megafiksel 18 ɗinta kuma ya ishe ki buga babban hoton bango. 200D ta 2017 ko 80D ta 2016 sun fi ta riƙe fokas a bidiyo, saboda fasahar Dual Pixel da ke cikinsu. A Nikon akwai D5600, sannan D7200 wadda take cin memori biyu a lokaci ɗaya, tana rubuta kowane hoto a dukansu. Ranar da kika fara karɓar kuɗin mutane za ki san darajar wannan, domin kamu ba a sake shi don memori ya lalace. Wani gargaɗi ga mai Nikon: D3500 da D5600 ba su da injin fokas a jikinsu, sai lens mai alamar AF-S ko AF-P. Tsohon 50mm f/1.8D yana da araha kuma zai ɗauru, amma da hannu za ki riƙa juya fokas ɗinsa.

Game da Canon ko Nikon, ki dubi waɗanda ke kusa da ke. Wa zai koya miki? Wa zai ara miki batir ko lens ranar da naki ya ba ki matsala? Mai gyaran da ke garinku wacce ya fi samun kayanta? Abin da suke riƙe da shi, shi za ki saya. Hoton da kamfanonin biyu ke fitarwa a wannan mataki, ko mu da muke ciki ba ma iya bambance shi idan an buga.

Wani zai ce miki DSLR ta zama tsohon yayi. Gaskiya ne tun 2018 Canon da Nikon suka karkata ga manyan kyamarori marasa madubi, kuma sababbin DSLR na ƙarshe da suka fitar na 2020 ne. Amma wannan ne ya sa na hannu suka cika kasuwa da sauƙin kuɗi. Lens ɗin da kika saya yau ma ba zai tashi a banza ba, akwai adafta da ke ɗaura lens ɗin EF a kan Canon R, da wata mai suna FTZ da ke ɗaura na Nikon a kan Nikon Z, wato marasa madubin nan.

Idan za ki sayi ta hannu, ki je da wanda ya san kyamara, ki je da memorinki. Ki nemi a nuna miki adadin hotunan da shota ta taɓa ɗauka, domin ƙananan nan ana ƙiyasta musu wajen 100,000 ne. Nikon tana rubuta adadin a cikin bayanan kowane hoto, Canon kuwa sai an haɗa ta da kwamfuta. Don duba lafiyar sensa, ki sa f/22 ki ɗauki farin bango, ki buɗa hoton: ɗigon ƙura ana goge shi, amma in zane ne ko tabon da ba ya goguwa, ki ajiye musu kyamararsu. Lens kuma ki haska shi da tocilar waya ta baya, idan kika ga wani abu kamar yanar gizo a cikin gilashin, hunhuna ce, kada ki saya. Memori ma na jabu sun yi yawa, ki saye shi a wurin da za ki iya komawa.

Filasha kuma, kada ki haska ta kai tsaye a fuskar da kika ɓata awa biyu kina yi wa kwalliya, za ta sa goshi da hanci ƙyalli, hoda ta fito fari fat. Ki ɗaga kanta sama ta daki farin silin, hasken ya sauko a hankali. Idan bangon ɗakin kore ne ko ruwan hoda, kada ki juya ta can, launin zai hau fatar amarya. Ki kuma lura da farar shadda da leshi mai duwatsu, suna ruɗar ma'aunin hasken kyamara ta rage haske, fuskar mutum ta yi duhu. Fatarmu tana son a auna haske a kanta, a ƙara kaɗan in da buƙata. Ki koyi ɗauka a tsarin RAW tun yanzu, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta gama sarrafawa ba, yana ba ki damar gyara haske da launi ba tare da kin canza wa amarya kamanninta ba.

Sai kula da kaya. Lokacin hunturu kada ki canza lens a waje, ki shiga ɗaki ko mota, ki kifa bakin kyamarar ƙasa, ki yi sauri. Ki sayi ɗan famfon roba na hura iska, kada ki hura da baki, kada ki goge gilashi da gefen mayafi. Da damina kuma ki riƙa ajiye kayan a roba mai murfi tare da ƙullin silika ɗin nan da ake samu a kwalin takalmi, ki riƙa fito da su suna shan iska. Batir na biyu da memori na biyu ki sa su cikin lissafin kuɗin tun farko.

Idan kin samu wadda ta kwanta miki, ki turo lambarta da adadin shotarta da hoton farin bangon nan, in sha Allah zan duba miki kafin ki biya. Allah ya sa albarka a sana'ar.